Su wa ke riƙe da AMAC? Amsar tambaya kan zaɓen ciyaman a Abuja

Wani ɗan uwa ne ya yi tambaya, ya ce shi Bakano ne aiki ya kawo shi Abuja yana zaune a Lugbe, kuma abin da ya ɗaure masa kai shi ne a gida duk sanda aka yi zaɓen ƙananan hukumomi jam'iyyar gwamna ce ke kwashe 44 ɗin kaf, sai ya zo nan ya ji wai a 2022 PDP ce ta ci ciyaman ɗin AMAC, wato ƙaramar hukumar birnin Abuja, alhali Buhari na zaune a Villa. Ya ce ya aka yi haka, kuma tun asali su wa ke juya wannan ƙaramar hukuma?

Toh ɗan uwa, na daɗe ina bibiyar zaɓukan Abuja, na sha yin aikin sa ido a rumfuna, bari in ba ka abin da na sani. Dalilin da ya sa ɗan adawa ke iya ci a Abuja shi ne ba gwamna, kuma INEC ce ke shirya zaɓen. Wannan kowa zai gaya maka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutanen da ke zaɓen ciyaman a AMAC ba su ne mutanen da ke zaɓen shugaban ƙasa a AMAC ba, duk da rajistarsu ɗaya rumfarsu ɗaya. In ka gane wannan to sauran tarihin duk zai zauna maka daidai.

Abuja dai ka san ba jiha ba ce. Murtala ne ya kafa ta da doka a Fabrairun 1976, gwamnati ta tare a Disambar 1991 zamanin Babangida. Tsarin mulkin 1999 ya ce a ɗauke ta kamar jiha amma shugaban ƙasa ne a matsayin gwamnanta, shi kuma sai ya naɗa minista ya riƙe masa, majalisar tarayya kuma ita ce majalisar dokokinta. Sashe na 303 ya ba ta ƙananan hukumomi shida: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Su ne cikon 774 ɗin da kake ji, jihohi na da 768. Mazaɓun kansila 62 ne gaba ɗaya, kowacce na da goma-goma sai AMAC mai 12, wato City Centre, Garki, Wuse, Gwarinpa, Gwagwa, Jiwa, Gui, Kabusa, Karshi, Karu, Nyanya da Orozo. Ka lura da sunayen nan da kyau, huɗun farko ne kawai za ka kira cikin gari, sauran takwas ɗin garuruwan gefe ne da ƙauyuka. Villa, majalisa, kotun ƙoli, babban masallaci, filin jirgi, Maitama, Asokoro, duk a ƙasar AMAC suke, amma a lissafin ɗan takara Gwagwa ta fi Maitama daraja nesa ba kusa ba.

A jihohi kuwa sashe na 197 ne ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta, gwamna ne ke naɗa shugaban hukumar da kwamishinoninta, majalisar jiha da ke aljihunsa ta tantance su, shi ke ba su kuɗin aiki, kusan shi ke yanke ranar da za a yi zaɓen in ma ya ga damar a yi, in bai ga dama ba ya zuba kantomomi. To me kake tsammani? Kai shaida ne a Kano, 2014 lokacin Kwankwaso na APC, APC ta cinye 44. 2018 da 2021 lokacin Ganduje, APC 44. Oktoban 2024 lokacin Abba, NNPP 44 da kansiloli 484 ko ɗaya bai kuɓuce ba. Jam'iyya ta canza, sakamako bai canza ba. A waccan shekarar ma da farko KANSIEC, hukumar zaɓen jihar Kano, kuɗin fom ta sa naira miliyan 10 na ciyaman, miliyan 5 na kansila, alhali INEC ba ta karɓar ko sisi daga ɗan takara, jam'iyyarsa ce kawai ke sayar masa da fom. Kaduna ta ɗan gwada wani abu daban a 2018 da 2021 da na'urar dangwala ƙuri'a, PDP ta samu wasu kujeru, amma a 2024 aka koma gidan jiya APC ta kwashe 23 ɗin. Na Ribas ma ya fi ban dariya, a Oktoban 2024 da gwamna ya ga jam'iyyarsa ba ta hannunsa sai mutanensa suka shiga wata jam'iyya APP da yawancin mutane ba su taɓa jin sunanta ba, ta ci 22 cikin 23, kafin kotun ƙoli ta soke zaɓen a Fabrairun 2025. Kaga kenan ba jam'iyya ake zaɓa ba, gwamna ake zaɓa.

Abuja ta tsira daga wannan ne saboda ba ta da gwamnan da zai kafa hukuma, sai dokar zaɓe ta ƙasa ta ɗora wa INEC aikin. Akwai ma hukuncin kotun ƙoli na 2002, lokacin da majalisar tarayya ta so ta tsawaita wa'adin ciyamomin ƙasa baki ɗaya jihohi suka kai ƙara, kotu ta ce majalisar tarayya ba ta da wannan hurumi sai a kan Abuja kaɗai. Tun daga 2004 ake yin zaɓen a kan kari duk shekara uku, 2004, 2007, 2010, 2013, 2016, 2019, 2022, ba a taɓa tsallake zango an ce a jira gwamna ya shirya ba. Dokar zaɓe ta 2022 ce ta mayar da wa'adin shekara huɗu, shi ya sa na gaba ya faɗo 2026.

Yanzu tarihin kujerar. A farkon dimokuraɗiyyar nan mace ce ma ta riƙe ta, Esther Audu, wadda daga baya aka tura ta jakadiya Gambiya. Daga 2004 sai Zephaniah Jisalo na PDP ya yi zango biyu zuwa 2010. Ya miƙa wa Micah Jiba, shi ma PDP, shi ma zango biyu zuwa 2016. Shekara 12 kenan lema na rufe da AMAC, kuma ba abin mamaki ba ne don PDP ce a Villa, ita ce ke da minista, 'yan adawa kuma a rarrabe suke, ANPP na jan nata, ACN na jan nata, daga baya CPC ta zo ita ma da nata. Zaɓen Maris 2013 ma an yi shi ne kafin a yi wa APC rajista a ƙarshen Yulin shekarar, don haka Jiba bai taɓa fuskantar haɗaɗɗiyar adawa ba.

Amma dubi inda mutanen nan suka nufa bayan sun sauka, nan ne za ka gane mece ce kujerar. Jisalo ya tafi majalisar wakilai a 2011 yana wakiltar AMAC da Bwari, ya yi shekara takwas. Jiba ya gaje shi a 2019. Philip Aduda ɗan Karu ya riga su, ya yi majalisar wakilai daga 2003, ya zama sanata a 2011 ya zauna har 2023. Abuja gaba ɗayanta sanata ɗaya gare ta da 'yan majalisar wakilai biyu, ba gwamna, ba mataimakin gwamna, ba majalisar jiha, ba kwamishinonin da za a raba wa ƙananan hukumomi. To ɗan asalin Abuja da ke son siyasa ina zai nufa? Kansila, ciyaman, sai ya yi addu'a ɗaya daga kujeru ukun can ta faɗo. Ciyaman shi ne ƙololuwar kujerar zartarwa da zai iya nema da ƙuri'a a ƙasarsa ta haihuwa. Abin da Bakano zai zuba wa neman gwamna na ƙarfi da dukiya da zuciya, shi ɗan Garki ko ɗan Karshi ke zuba wa neman ciyaman.

Kuma akwai ciwo a ƙarƙashin abin. Kafin a zo da katafila akwai mutane a wajen nan, Gwarawa su ne mafi yawa, ga Gwandara, Gade, Koro, Bassa, Ganagana, Egbura a wajen Abaji, ga Hausawan da suka daɗe tun zamanin tsohuwar masarautar Abuja wadda aka mayar da sunanta Suleja. Da farko an ce za a kwashe kowa a biya diyya, sai kuɗi ya gagara aka yi ta canza manufa, wasu aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja, wasu Kubwa, wasu aka gina musu gidaje a Apo, wasu aka bar su a inda suke gari ya zagaye su, shi ya sa za ka ga ƙauye da gidajen laka a bayan wani katafaren gini a Jahi ko Durumi ko Mabushi. Filin da kakansa ya noma yanzu sai minista ya sa hannu kafin ya zama na wani. Sai a 2023 aka taɓa naɗa ɗan asalin Abuja minista, kuma wa aka naɗa? Jisalo ɗin nan dai, tsohon ciyaman. Mutumin da ke cikin wannan hali ba sai an roƙe shi ya fito zaɓen ciyaman ba. Fadar Sa'peyi a Garki, fadar Sa'karuyi a Karu, Sarkin Jiwa, Sarkin Karshi, hakimai da dagatai, ƙungiyoyin matasa da na mata, coci da masallaci, duk sun san ranar, duk sun san wane ne nasu.

2016 aka samu canji na farko. Buhari bai cika shekara a mulki ba, guguwar canji ba ta lafa ba, PDP kuma na fama da rikicin shugabanci. A zaɓen Afrilu Abdullahi Adamu Candido na APC ya karɓe AMAC. Amma ko a wannan shekarar da ake ganin tsintsiya ta share ko'ina, Gwagwalada APGA ta zaɓa, jam'iyyar da ake yi wa kallon ta Anambra, saboda mutumin da garin ke so a can ya samu tikiti. Wannan ba zai taɓa faruwa a ƙarƙashin hukumar zaɓen jiha ba.

2019 ita ce shekarar da nake so ka tsaya ka duba, don ita ce hujjar maganata. Ranar 23 ga Fabrairu aka yi zaɓen shugaban ƙasa, Atiku ya ci Abuja da ƙuri'a kusan dubu 260, Buhari na da dubu 152, tazarar sama da dubu ɗari, kuma kowa ya san AMAC ce ke da kaso mafi tsoka na masu rajista a Abuja. Sati biyu kacal bayan nan, 9 ga Maris, ranar da jihohi ke zaɓen gwamna, Abuja ta yi na ciyaman. In da mutane ɗaya ne suka fito ai PDP ta gama da AMAC tun kafin azahar. Sai ga Candido na APC ya koma kujerarsa. Ba wai mutane sun canza ra'ayi cikin kwana 14 ba, a'a, waɗanda suka ba Atiku waccan tazara, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da masu zama a estet, gida suka yi zamansu ranar.

In kana so ka gani da idonka, ranar zaɓen ciyaman ka fara da wata rumfa a Wuse Zone ko Maitama wajen ƙarfe goma na safe. Za ka tarar da 'yan bautar ƙasa biyu ko uku a ƙarƙashin bishiya sun jera kayan aiki a kan tebur, rajista an manna ta a bango shafi-shafi ɗauke da sunaye ɗaruruwa, ɗan sanda na gyangyaɗi a kujerar roba, ejan ɗin jam'iyyu sun fi masu zaɓe yawa, titi fayau saboda an hana zirga-zirga samari sun kafa duwatsu suna buga ƙwallo a tsakiyar kwalta. In mutum ɗaya ya taho da katinsa duk sai a miƙe kamar an ga baƙo. Daga nan ka kama hanyar Gwagwa ko Jiwa ko Karshi. Tun kafin ka iso filin firamaren za ka ji hayaniya, mata da goyo sun ja layi tun sanyin safiya, an kawo tsofaffi a kan mashin, kowane ejan da littafinsa yana duba gidan wa da wa ba su fito ba a tura yaro ya kira su, mai shayi da mai ƙosai na ciniki, kuma ba mai barin wajen sai an ƙirga a gabansa an rubuta an manna. Rumfa ɗaya a nan na iya ba da ƙuri'ar da rumfa ashirin na cikin gari ba su ba da ba.

Kada ka yi saurin zagin mutanen cikin gari, suna da dalilinsu. Mai gida a Asokoro ko Gwarinpa me ya haɗa shi da ciyaman? Titinsa hukumar raya birnin tarayya FCDA ce ta yi, shara hukumar kula da muhalli AEPB ce ke kwashewa, ruwa na hukumar ruwan Abuja ne, takardar filinsa daga ofishin rajistar filaye na AGIS take da sa hannun minista, 'ya'yansa na makarantar kuɗi. AMAC ba ta da ikon ba shi shaidar mallakar fili. Inda yake haɗuwa da ita bai wuce uku ba, in zai yi auren rajista, in an kawo masa takardar harajin gida, sai in yana da shago ko motar kaya masu rasit sun tare shi. Shi a wajensa AMAC sunan masu karɓar haraji ne kawai. Ga kuma wani ɓangare babba na ma'aikatan Abuja da ba a Abuja ma suke kwana ba, suna Mararaba, Masaka, Suleja, Madalla, ƙuri'arsu ta Nasarawa ce ko Neja. Wasu kuma katinsu na can garinsu, sai babban zaɓe su tafi gida. Amma mutumin Kabusa ko Orozo, makarantar firamaren da ɗansa ke zuwa ta ƙaramar hukuma ce, asibitin sha-ka-tafi nata ne, burtsatse, taransifoma, gyaran hanyar ƙauye, rumfar kasuwa, tasha, takardar shaidar zama ɗan asali da ake nema wajen shiga makaranta ko aikin ɗamara, ɗaukar ƙananan ma'aikata, duk ta hannun ciyaman da kansila suke bi. Kowa ya je inda tuwonsa yake.

Toh sai 2022 da ka tambaya. Candido ya gama zango biyu ba zai sake tsayawa ba, APC ta shiga rikicin wa zai gaje shi, zaɓen fidda gwani ya bar baya da ƙura har aka dangana da kotu a kan wane ne halastaccen ɗan takara, ɓangaren da ya ji an zalunce shi kuma ka san abin da ɗan siyasa ke yi in ya fusata, ko ya naɗe hannu ko ya yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Ga shi lokacin mutane na jin jiki, ga layin mai a gari. Ranar 12 ga Fabrairu Christopher Zakka, wanda aka fi sani da Maikalangu, ya ci a PDP da ƙuri'a dubu 19 da 'yan kai, Murtala Karshi na APC ya samu dubu 13 da 'yan kai. Sake karanta alƙaluman nan. Ƙaramar hukumar da ke da masu rajista dubu ɗari-ɗari, wadda fadar shugaban ƙasa ke cikinta, an ci ta da ƙuri'ar da ba ta kai dubu 20 ba, tazara dubu shida. A sauran wurare an yi raba daidai, PDP ta ɗauki AMAC, Bwari da Kuje, APC ta ɗauki Gwagwalada, Kwali da Abaji. A wannan zaɓen aka yi amfani da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta ba da wahala a wurare da dama, kuma da yake INEC ta ƙara rumfuna a 2021, na Abuja suka tashi daga 562 zuwa 2,822, sai da aka samu kusan 600 da ba mai rajista ko ɗaya a cikinsu. An je kotun zaɓe, ta farko ta ce APC ce ta ci, ta ɗaukaka ƙara ta mayar wa Maikalangu kujerarsa, kuma a shari'ar zaɓen ƙananan hukumomin Abuja daga wannan kotun ba sauran gaba, magana ta ƙare.

Shekara ɗaya bayan nan sai ɗaya Abujar ta farka. A Fabrairun 2023 Peter Obi ya samu sama da dubu 281 a Abuja, Tinubu dubu 90 da ɗoriya, Atiku dubu 74. Ireti Kingibe ta Labour ta kayar da Aduda bayan shekara 12 a majalisar dattawa, Joshua Obika ya kayar da Jiba a kujerar AMAC da Bwari. Wato tsanin nan da na ba ka labari, kansila zuwa ciyaman zuwa majalisa, an sare shi daga sama a rana ɗaya, kuma waɗanda suka sare shi su ne dai mutanen da ba sa fitowa zaɓen ciyaman. 'Yan asali sun ji zafin abin matuƙa don kujeru biyu cikin ukun da suke taƙama da su sun fita daga hannunsu. Ni a ganina wannan ya ƙara sa su riƙe kujerun ciyaman da haƙori, don sun ga abin da zai faru duk ranar da baƙi suka yi niyya.

Daga nan kuma sai Wike ya zo minista a Agustan 2023, ɗan PDP a gwamnatin APC, mutumin da ya yi ciyaman ɗin Obio/Akpor zango biyu kafin ya zama gwamna, don haka ya san siyasar ƙaramar hukuma ciki da bai, ba irin ministocin da ke zama a ofis su bar 'yan siyasar gari da harkarsu ba ne. Ya shiga yin tituna a garuruwan gefe yana tafiya da ciyamomi wajen buɗewa. A 2025 Maikalangu ya sauya sheƙa zuwa APC, kujerar da PDP ta ci da ƙuri'a ta koma APC ba tare da an dangwala ko ɗaya ba. Da aka zo zaɓen 21 ga Fabrairun 2026, ana saura kwanaki ɗan takarar PDP a AMAC ya sanar da janyewa ya mara masa baya, sai karawar ta koma tsakaninsa da ADC. Ya ci da ƙuri'a dubu 40 da 'yan kai, ADC ta samu wajen dubu 12, a cikin masu rajista sama da dubu 800, ko kashi goma cikin ɗari ba su fito ba. APC ta ɗauki biyar, Gwagwalada ta sake yin halinta ta ba PDP.

Don haka in ka jera su, PDP daga 2004 zuwa 2016, APC zuwa 2022, PDP zuwa 2025, APC daga nan. A takarda kamar ana ta juyin mulki, amma in ka san mutanen za ka ga gida ɗaya ne, yawancinsu tare suka taso a siyasar unguwa, wannan ya yi wa wancan kansila, wancan ya yi wa wannan sakatare, jam'iyya riga ce da ake sauyawa gwargwadon iskar da ke kaɗawa daga Villa da kuma wanda ya hana wa tikiti. Kuma tun 2004 duk wanda ya hau sai da ya samu zango na biyu, ba ciyaman mai ci da aka taɓa kayarwa a akwati, canjin jam'iyya ta hanyar ƙuri'a na zuwa ne a lokacin da kujera ta zama ba mai ita, 2016 da 2022.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ka sani, don kada ka ɗauka ciyaman ɗin Abuja sarki ne mai cin gashin kansa. Kason ƙananan hukumomin Abuja daga asusun tarayya ta kwamitin asusun haɗin gwiwa yake bi, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar Abuja, ga kuma kashi 10 cikin ɗari na harajin cikin gida da ake ba su, shi ma daga hannun minista yake fitowa. Kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma aiwatarwa ta zama wani labarin. An ga zahirin abin a 2025, malaman firamaren Abuja suka shiga yajin aiki tun watan Maris a kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da bashin da suke bi, yara suka zauna a gida sama da wata uku, ciyamomi shida suka kasa, sai da minista ya riƙe wancan kashi 10 ɗin nasu ya ce da shi za a biya sannan aka koma aji a watan Yuli. Ciyaman da ke cikin wannan hali in minista ya kira shi ya ce ga inda za a nufa, kai ma ka san amsar. Minista ba zai iya rubuta sakamako yadda ake yi a jihohi ba, amma yana iya tsara wa zai tsaya da wa zai janye tun kafin a kai ga akwati.

Mu Hausawa mazauna Abuja kuma, muna da yawa a Gwagwa, Karimo, Dei-Dei, Nyanya, Garki, Lugbe ɗinku, kasuwar Wuse, 'yan canjin Zone 4, kuma muna cikin baƙin da suka fi fitowa zaɓen nan saboda harkar kasuwa da tasha da rumfa ta haɗa mu da ƙaramar hukuma kullum. Doka ba ta ce sai ɗan asali zai tsaya ba, duk ɗan Najeriya mai rajista a yankin da ya cika shekarun da aka gindaya zai iya. Sai dai cin ciyaman ba yawan ƙuri'a kaɗai ba ne, sai ka haɗa da kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na mazaɓu, a AMAC takwas kenan cikin 12, don haka ba wata ƙabila ko addini da zai ci shi kaɗai, dole a yi ƙawance, shi ya sa kusan kullum za ka ga in ciyaman Kirista ne mataimaki Musulmi, in Musulmi ne mataimaki Kirista, sannan a raba kansilolin naɗi da masu ba da shawara har Ibo da Yarbawa da mutanenmu su samu. Sarakunan Hausawan unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi sun san wannan ciniki sarai, da su ake zama kafin zaɓe.

Masu cewa a ƙwace zaɓen ƙananan hukumomi daga hukumomin jihohi a ba INEC, ina tare da su, Abuja ta nuna cewa in an yi haka APGA na iya cin Gwagwalada, PDP na iya cin ƙaramar hukumar da shugaban ƙasa na APC ke kwana a cikinta. Amma gyaran tsarin mulki ne, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, su kuwa ka san wa suke saurare. Kuma ko an yi, ba zai hana ciyaman sauya sheƙa bayan ya ci ba, tunda ba dokar da ta ce ya sauka in ya bar jam'iyyar da ta kawo shi. Kai dai in katinka na Kano ne kuma zamanka a Lugbe ya yi nisa, INEC na ba da damar mayar da rajista duk lokacin da ta buɗe sabuntawa, zaɓen ciyaman na gaba a Abuja 2030 ne.